Baba Kyaftin Ya Tafi, Wanzami Na Zuwa Gobe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Kyaftin ya rasu. Ina wanke-wanke da safen nan wayar Umma ta yi ƙara, na ji ta ce, "Wane likitan? Na haƙori?" Sai ta nemi turmi ta zauna. An ce daga masallaci ya dawo ya kama ƙirji, kafin a samo keke rai ya yi halinsa.

Har yanzu kwanukan suna cikin ruwan kumfa. Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga.

Ku da kuke bi na kun san ba na dogon rubutu, sai dai hoton fure ko in tambaya wa ta gama littafin da nake karantawa. Yau ku yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba, likitan haƙori ne, tsohon soja. Da ya yi ritaya ya dawo gida Potiskum ya buɗe ɗan asibitinsa a Dogo Tebo, ɗaki biyu da benci. Ranar kasuwar shanu in tireloli suka cushe hanya, shi ke fitowa da farar rigarsa yana ba da hannu, direbobi na sara masa suna "Yes sa!" ta taga. Da damina kuma ya zura takalmin roba ya shiga kwata da shebur, yana kiran samarin unguwa da sunayen iyayensu har kunya ta fito da su.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni in na ga wanzami da zabirarsa a ƙofar gidanmu, ɗaki nake shigewa in rufe ƙofa.

Ina firamare aka haifi ƙanina Sadiƙu, aka cire masa beli kamar yadda ake yi wa kowane jariri a gidanmu. Jini ya ƙi tsayawa. Ni aka ba wa zanin in riƙe, ni kuma na zauna kusa da Umma a keke daga Yerimaram har Dogo Tebo. Baba Kyaftin ya karɓe shi, bai yi wa kowa faɗa ba. Da ya fito ya ce, "Ya tsaya, alhamdulillahi," ya dube ni ya ce, "Ke kuma je ki wanke hannunki, ga sabulu can."

Sadiƙu na nan, ga shi can yana ƙwallo a soro.

Daga baya na ji cewa har wurin wanzamai yake zuwa. Ya zauna a tabarmarsu su yi masa aski, shi da ba wani gashi gare shi ba, yana hira da su a kan maganar beli. Wasu sun daina, wasu suka ce gadonsu ne.

Yanzu matar yayana, Anti Falmata, ta haihu, mace. Yaya ya kai shanu kudu, wayarsa ba ta shiga. Kakarmu Iya ta ce gobe da safe wanzami zai zo. Umma ba ta musu da surukarta. Babanmu ya ce abin da Iya ta ce shi ke nan. Anti Falmata kuwa haihuwar fari ce, ko kallon jaririyar ba ta yi a gaban mutane, balle ta yi magana a kanta. Amma na ga yadda take matse ta in ɗakin ya zama ba kowa.

Shekaranjiya daga Islamiyya na wuce wurin Baba Kyaftin, ban faɗa a gida ba. Na zauna a benci ina karatu a waya, mutane na shiga suna fita, na kasa tashi. Sai da ya leƙo.

"A'a, 'yar littafi! To ya ake ciki, ya aure ta ko har yanzu suna kallon juna?"

Na rufe fuska da hijabi.

"Wane haƙorin ne?"

Na ce ba haƙori ba ne. Na fara bayani ina kallon ƙasa. Ya juyo min da ɗaya kunnen ya ce, "Ɗaga murya, jikata. Wannan na baro shi a bakin daga, shi kuma wannan rago ne."

Haka na maimaita da ƙarfi, har mai shara ta tsaya tana kallona.

Ya ce, "Aiko ki aka yi?" Na ce a'a. Ya gyaɗa kai.

Ya ce beli ba ciwo ba ne, Allah ne ya halicce shi a wurin, kuma jinin jariri bai kai a yi wasa da shi ba. Ya ce in bar masa Iya. "Ni na cire mata haƙoran turmi biyu, ta san hannuna. Zan zo mata da goro, in ce ta ci gaba da ci don kar kasuwata ta mutu. In ta yi dariya, to an gama."

Ya ce Alhamis bayan la'asar. "Soja ba ya makara."

Yau ce Alhamis.

Iya ta yi kuka da ta ji, wallahi ta yi. Ta ce mutumin kirki ne, ko ladan cire haƙori sai da ta yi masa rantsuwa ya karɓa. Ta share hawaye, ta kira Sadiƙu ta ce ya je ya tuna wa wanzami kar ya manta gobe.

A littattafan da nake karantawa, yarinyar takan miƙe a tsakar gida ta yi magana, kowa ya yi tsit, uban ya sunkuyar da kai. Ni ko "sannu da zuwa" in zan yi wa Baba sai ya ce me na ce. Tun ɗazu nake gwadawa a gaban madubi, da na kai "Baba, don Allah" sai in sake komawa farko.

Na leƙa ɗakin mai jego. Jaririyar tana barci, ta buɗe ɗan bakinta. Na fito.

Shi ne na yago takarda a littafin makaranta na rubuta wa Baba. Na sa abin da Baba Kyaftin ya faɗa, yadda ya faɗa. Na sa zanin Sadiƙu, da yadda Umma take salati a cikin keke, don Baba yana kasuwa ranar, bai gani ba. Ban sa kalmomin littafi ba ko ɗaya. Na ce a yi aski, a yi suna, a yi komai, a bar mata bakinta.

Ban san me zai ce ba. Wataƙila ya ce yaushe na fara zuwa Dogo Tebo ba izini. Wataƙila Iya ta ce boko ya buɗe min ido. Takardar har ta yi laushi don yawan ninkewa da buɗewa.

Baba ya tafi jana'iza. In ya dawo zan kai masa ruwa soro, in miƙa masa ita hannu da hannu, kuma zan tsaya har ya gama karantawa.

Allah ya jiƙan Baba Kyaftin, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya ba iyalansa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ko ƙulhuwallahu ce. In kun gama ku sa jaririyarmu a ciki, ba ta da suna tukuna. Ni ma ku roƙa min Allah kar ƙafata ta juya a bakin soro.