Inda Batulu Ta Samo Tafintarta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, Junaidu ya kira ni daga Birmingham ya ce matarsa, Hajiya Batulu, ta rasu. Na ce masa ban ma san tana ciwo ba. 

Batulu, tare muka gama jami'a a Zariya, kuma sana'a ɗaya muka faɗa a ƙasar nan: nemo wa kamfanoni masu fassara. Ke a unguwar Erdington ta Birmingham, ni a Old Trafford. Lokacin rasuwar Baba, ke kika riƙe min 'yata Rumaisa har na dawo daga gida, kika miƙo min ita da kitson da ya fi nawa kyau. Haka kike. Ko alheri za ki yi, sai kin fi mutum iyawa.

Shekara biyu da suka wuce, wata masana'anta ta sayo tukunyar tururi daga Holan. Injiniyoyin da suka zo kafa ta yarensu suke yi, masu waldar kuma 'yan Kuroshiya ne. Ni na ce a ɗauki tafinta biyu, a bi ta Turanci. Ke kika ce musu in magana ta ratsa baki biyu, "rage" kan koma "rufe", kuma tururi ba ya jiran a gyara fassara. Kika kawo Vesna, 'yar Kuroshiya tashin Rotterdam ta Holan, wadda ta san sunan kowane bawul da noti a harsunan biyu. Aka ba ki aikin.

Na ce, "Ke don Allah, ina kika tono matar nan? Babu agency ɗin tafintoci da ban kira ba."

Kika ce, "Ki yi ta fama da Google, Safiya. Ni Allah ke haɗa ni da mutanena."

A zaman makokinki na tarar da Vesna a kicin, da mayafinki a kanta. Ta san inda kike ajiye kofunan baƙi. Yaranki Anti suke ce mata. Ita ta gaya min inda kuka haɗu: asibitin Edgbaston, kujera gefen kujera, ana ƙara muku maganin cutar kansa ta jijiya. Kika ji ta yi waya da mijinta da yare ɗaya, da mahaifiyarta da wani. Da allura a hannunki kika juya kika ce mata, "Kin san injina?"

Sai da na yi dariya a gidan mutuwa. Amma duk watannin nan kina kirana ranar Lahadi, muna tsine wa kuɗin jirgin ƙasa. Ita ta ga kanki babu gashi, ni ina can ina yaba ɗaurin ɗankwalinki a hoto. Wai kin hana a gaya min don kada in bar aikina in tare a gidanki. Da na tare ɗin mana, Batulu. Wa ya ce ki yanke min?

Allah ya jiƙan ki, ya sa jinyar da kika ɓoye ta zama kaffara, ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Junaidu, da yaranki Muhsin da Latifa, da 'yan'uwanki na Zariya. Da kuma Vesna. Na daɗe da alƙalami a hannu kafin na sa sunanta cikin dangi, amma nan ne wurinsa.