Cokalin da Aman Ruhdi Ya Ajiye

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 9 ga Afrilu, ina tsakiyar darasin ƙididdiga, aka leƙo aka ce min ka rasu, Aman Ruhdi, tsohon shugaban alƙalan ɗanɗanon gahawa na garin Takengon. Ɗalibai suka ga na kasa ƙarasa jimlar da na fara.

Shekara goma sha biyu ke nan da na zo maka da wata dabara mai kama da rashin kunya. Na ce a gasar manoma zan zuba gahawa guda a kofuna uku, in ɓoye su cikin talatin, mu ga ko alƙali zai ba abu ɗaya maki ɗaya. Sauran alƙalai suka ɓata rai. Kai kuwa dariya ka yi. "Malama, tarko za ki ɗana wa tsofaffi? Ɗana, ki fara da ni."

Wasu makinsu ya bambanta da goma. Naka 84, 84, 85. Shekara tara haka, ina nuna wa ɗalibaina layin makinka, ina cewa ga harshen da ba ya saɓa wa kansa.

A ta goma, bayan wata jinya da ka yi, sai na ga 79, 86, 91. Na sake lissafi sau huɗu. Na san idan takardar sakamakon ta fita, kujerarka ta tafi, sai na danne ta mako guda. Ka biyo ni har aji.

"Ina tawa?"

"Baba, ban gama ba."

"'Yar nan, kin koya musu ƙidaya, yanzu kuma ɓoyo za ki koya musu?"

Ka karɓa, ka karanta wa yaran da bakinka, a hankali. Ka ce manomin da ya yi shekara yana wahala bai kamata ya faɗa hannun harshen da ya gaji ba. Sannan ka zaro cokalin azurfar da kake kurɓar gahawa da shi tun kafin a haife ni, ka ajiye a teburina.

Har yau ina zuba kofuna ukun nan. Kunnena kuma yana jiran ƙarar kurɓarka, wadda ake ji tun daga bakin ƙofa.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Inen Ruhdi, da ɗanku Ruhdi, da manoman tudun Gayo. Ya Allah, ya yarda a auna shi a duniya ko da ma'aunin ya kayar da shi. Ka nauyaya mizaninsa, Ka jiƙansa, Ka ba mu haƙurin rashinsa. Amin.