Golan da Kaka Ba Ta Faɗin Sunansa

A gidanmu na zangon Yendi, in an idar da sallar isha'i, Kaka Azumi kan tura doya cikin rushi, mu jikoki mu kewaye murhu. Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, amma akwai labari guda da ba ta yi masa buɗin tatsuniya. Sai dai ta gyara mayafi, ta ce an yi wani yaro gola a garin nan.

Yaron tela ne, in ji ta, dogo, tafin hannunsa kamar faifai. Shekarar da 'yan Bawku suka zo wasan kofi, gari ya tashi kaf zuwa fili. Ita ma ta sauke kaskon ƙosai ta je ta tsaya bayan raga. Duk ƙwallon da aka bugo sai ya cafke. Mata na guɗa, malaman da ke cewa ƙwallo aikin banza ne suna leƙe daga gindin mangwaro. Ana dab da tashi aka ba Bawku fenareti. Golan ya faɗi dama, ƙwallo ta bi hagu ta shige raga.

Ba a jima ba aka gan shi bisa sabon keke. Na maigidansa ne, aike ya kai, amma wa zai saurara? Gari ya ɗauka ya sayar da wasa. Masu ɗinki suka kwashe yadinsu, abokan wasansa suka daina amsa sallamarsa. Rannan ya hau motar doya zuwa Salaga, daga can aka ce ya haye ruwa ya yi kudu.

Kullum sai ƙanena Isa ya tambaya ko ya dawo.

"Yana hanya," in ji ta. "Motar Salaga ba ta sauri. Ku ci doyarku kar ta huce."

Sai da na yi wayo Inna ta gaya mini cewa Kawu Sule ne, autan Kaka. Ba a ambatonsa a gidan, don Baba ma ya gaskata maganar gari. Har Kaka ta rasu bai dawo ba.

Aure ya kai ni Bawku. Wata rana wani dattijo mai sayar da tumaki, abokin mijina, ya ji ni 'yar Yendi ce, ya yi dariya ya ce shi ne ya buga fenaretin nan. Na tambaye shi zancen keke.

"Wane keke, 'yata? Gefen da ya faɗi na nufa, golanku ya gane ni sarai. Ƙafa ce ta zame mini."

Na koma ɗaki na zauna. Da ina jin Kaka jan kunnenmu take yi kan tsegumi. Yanzu na san shaida take bayarwa, ga mu yara, don mu kaɗai ne ba mu riga mun yanke hukunci ba. Na so in kai wannan magana gida, sai na duba na ga duk wanda ya kamata ya ji ta ƙasa ta riga ta rufe masa ido.