Akori-kurar Yaya da Buhunan Surukinsa

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa a Jibiya ya haukace da mota. Wanda jiya jaki yake kora, yau ka ji yana maganar giya da birki. Yayana ma bai tsira ba. Ya sayar da gonarmu ta gado da ke Riko, har da nawa kason, ya ce in kwantar da hankalina, mota za ta saya mana wadda ta fi ta. Ya bi wani dillali suka tsallaka Maraɗi, ya dawo da 'yar akori-kura ƙirar Japan, fara fat, ko ledar kujerun ba a cire ba.

Gaskiya motar ta yi kyau, ga rashin shan mai. Amma ƙarama ce, kuma dillalin ya ja masa kunne cewa ba a yi ta don lodin manyan motoci ba. Yaya ya kiyaye. Ko ni da aka sayar da gonata, in na zo da ƙullin kaya sai ya ɗaga ya ji nauyinsa tukuna. Haka ya riƙa jigilar 'yan kasuwa tsakanin Jibiya da Katsina, gida ya fara ganin haske.

Mutum ɗaya ne Yaya ba ya iya buɗe baki a gabansa, wato surukinsa, wani dattijo mai fataucin hatsi a Magama. A wajenmu suruki ba abin wasa ba ne. In Yaya ya hango shi, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ba ya haɗa ido da shi, balle ya yi masa musu.

Rannan zan je suna Maraɗi, Yaya ya ce zai kai ni, sai na shiga gaban motar. Muna isa Magama muka tarar tsohon ya jibge buhunan gero a bakin hanya, wai tunda can muka nufa a sauke masa su. Bai tambaya ba, umarni kawai ya ba masu dako. Suka fara lodi. Ina jin motar tana nitsewa a ƙarƙashina, buhu bayan buhu, Yaya kuwa yana durƙushe yana kallon ƙasa, gumi na zuba. Na leƙo ta taga na yi masa raɗa cewa ya yi magana mana. Ya harare ni. Wani mai dako ma da ya ga tayoyin baya sun kusa shafar jikin motar ya ce a bari haka, tsohon ya daka masa tsawa.

"Ku ƙara! Ƙarhe ne fa, ba jaki ba. Mi zai same shi?"

Suka ƙara, sannan shi ma ya haye can bisa ya harɗe.

Mun wuce shingen Najeriya da ƙyar, ba mu kai na duwan ba, wato kwastan ɗin Nijar, muka faɗa wani rami. Sai ji na yi ƙaras, motar ta zauna da gindi. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya ya karye gida biyu. Tsohon ya sauko lafiya lau, ya karkaɗe rigarsa, abin da ya fara tambaya shi ne ko buhu ya fashe.

Makanikan Jibiya a lokacin motocin Faransa suka sani. Aka nemi ƙarfen a Katsina babu, a Kano babu, aka ce sai an aiko daga Ikko. Motar tana nan yashe tsakanin ƙasa biyu, janye ta ma sai da takardu. Kafin takardun su fito an kwance batir, an kwashe tayoyi da fitilu, har kujerun ba a bari ba. Da na koma, sai na gan ta a kan duwatsu, awaki na kwana a ciki. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba, kuma ba ɓarayin ne suka fi ba ni haushi ba.

Da Yaya ya haƙura ya sayar da gangar jikin wa maƙera, sai ga tsohon ya zo jaje. Ina daga bayan zana ina jin su. Ya sha ruwa, ya gyara zama, ya ce shi dama tun farko bai yarda da motar ba, kayan Japan kwali ne, yaro ya yi gaggawa da bai nemi shawarar manya ba. Na ce a raina yau dai ko kalma ɗaya Yaya zai faɗa, mutumin da ba shi da gona, ba shi da mota, ga 'ya'ya.

Yaya ya ƙara sunkuyar da kai.

"Haka ne, Baba," ya ce. "Allah ya huci zuciyarka, na ɓata maka tafiya."