Hannun Kawu da Ganyen Taba

Aikin da malamata ta ba ni a Lyon tsoho ne: in maimaita gwajin da mutanen farko suka gano ƙwayar cutar birus da shi. Sukan matse ruwan ganyen taba mai ciwo, su tace a matatar farar laka wadda bakteriya ba ta ratsawa, su shafa wa lafiyayyen ganye. Sai ya kamu. Nan suka gane akwai wani abu mai ƙanƙantar da ta fi ƙarfin madubinsu.

Tukwane goma na shuka. Biyar na shafa musu tataccen ruwan, biyar na bar su shaida, ban sa musu komai ba. Sakamakon zan kai Paris, gaban kwamitin da zai yanke ko in ci gaba da karatu ko in tattara in koma Maraɗi.

Ana saura kwana huɗu na ga dabbaren rawaya a kan shaidun, duk biyar. In shaidu suka kamu, aiki ya tashi a banza.

"Kana shan sigari?" in ji malamata.

"Ban taɓa ba, Madam."

"To, hannun taba ya taɓa su. Ciwon nan ko a busasshen ganye yana nan."

Sai a taram, jirgin cikin gari, na gane. Kullum da safe nakan biya ta unguwar La Guillotière in gai da Kawu, aminin mahaifina, mai shagon kayan miya. Garin tabarsa a tafin hannu yake murzawa, kuma ba ya sakin hannunka sai ya tambayi gajiya, sanyi, da mutanen gida ɗaya-ɗaya. Daga nan ni kuma, sarkin tsabta, in je in yi ta shafa ganyen shaiduna hannu tsirara.

Ina da hotonsu na makon jiya, kore shar. Har jirgi ya shiga Paris ina kallonsa, ina jin tsoron kaina, kada in nuna shi a matsayin na yanzu. A gaban kwamiti dai hoton dabbaren na sa, na ba da labarin Kawu. Suka fitar da ni, suka daɗe suna shawara. Aka ce in sake daga farko, dama ɗaya, babu ta biyu.

Washegari Kawu ya hango ni, ya karkaɗe tafinsa a riga, ya miƙo.

"Ɗana, ina gajiya? Sun karɓe ka?"

Na dubi hannun. Sabulu na cikin aljihuna. Na rusuna, na ba shi nawa duka biyu.