Sakan Bakwai na 'Yar Yatsu

Mai Almakashi suke ce masa a wurin aiki, ko da yake rabonsa da riƙe almakashi tun yana yaro a shagon mahaifinsa tela. Abin da yake yankawa yanzu murya ce. Ya fara da gyaran rediyo, ya koma ɗaukar sauti, har rayuwa ta ajiye shi a wani ofishi mai ɗaki biyu a saman shagon gyaran waya, inda ake hawa ta wata siririyar matattakala da mutum biyu ba sa wucewa a jere.

A ɗaki ɗaya, wanda aka lulluɓe bangonsa da soson tsofaffin katifu don kada ƙarar motoci ta shiga, Malama take zama gaban makirfo tana koyar da yaran da ba ta taɓa gani ba. Tana koya musu sautin baƙaƙe, da haɗa baƙi da wasali, da karanta gajerun jimloli, da tarawa da ɗebewa. A ɗaya ɗakin shi yake zama gaban kwamfuta, yana cire tari da gyaran murya da ƙarar kujera. In ya gama, sai a tura darasin ta waya zuwa gidajen da makaranta ta yi wa nisa, da gidajen da rashin lafiya ya zaunar da yaro. Shekara tara ke nan yana wannan aiki.

Amma yanka ba shi ne babban aikinsa ba. Malama ba ta iya jira. Tana cewa, "B da A, me suka ba mu?" sai ta ba kanta amsa nan take, "Ba! Madalla!" Shi ne zai buɗe tsakanin tambaya da amsa, ya zuba shiru, don yaron da ke can gida ya sami wurin da zai sa bakinsa. Takardar da aka ba su tun farko ta ce shirun ya zama sakan uku.

Haka ya riƙa yi, har ranar da ya kai darasi gida ya kunna wa 'yarsa. Tana da shekara biyar a lokacin. 'Yar Yatsu suke kiranta, don ba ta yarda da amsar da ba ta bi ta kan yatsunta ba. Malama ta tambaya biyu da uku nawa ne. Yarinya ta baje hannu, ta lanƙwasa ɗaya, ta lanƙwasa biyu, leɓenta na motsi, kafin ta kai ƙarshe Malama ta ce, "Biyar! Madalla!"

'Yar Yatsu ta dubi wayar, ta dubi ubanta.

"Baba, ka ce mata ta tsaya. Ban gama ba."

"Ai ba ta jin ki, uwata."

"To me ya sa take tambaya ta?"

Washegari ya ɗauki agogo ya zauna gefenta a tabarma. Ya gano sakan bakwai take bukata. In lissafi ya wuce goma kuwa, sai sakan sha biyu, domin yatsun hannu sun ƙare, sai ta cire takalmi ta ara na ƙafa. Ya koma ofis ya buɗe darussan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗaɗa shirun. Ba wanda ya tambaye shi dalili, shi ma bai faɗa ba.

A shekarar ne Malama ta ce darasi bai kamata ya fara da muryar babba ba. Ya kawo 'Yar Yatsu wata Asabar, aka ɗora ta kan littattafai uku don bakinta ya kai makirfo. Ta ƙirga ɗaya zuwa goma tana tafi bayan kowace lamba, ta tsaya a bakwai ta ja hanci, sannan ta ƙarasa, ta ce da ƙarfi, "Malama, mun shirya!" Sakan arba'in da biyar. Ya so ya cire jan hancin, Malama ta ce in ya taɓa shi ita da shi ne. Tun daga ranar, da wannan kowane darasi yake buɗewa.

Tana da shekara shida da wata huɗu zazzaɓi ya kama ta ranar Lahadi. Ranar Alhamis aka kai ta makwancinta. Ya koma aiki bayan mako biyu, ya zauna a kujerarsa, ya ci gaba daga darasin da ya tsaya.

Abu ɗaya ne ya sauya, shi ne hanyarsa ta zuwa aiki. Ya bar gajeriyar, ya koma bin wani layi na baya inda wani mai wanki da guga yake da shago. Kullum ƙarfe bakwai da rabi mutumin yana jingina wayarsa a taga ya kunna wa 'yarsa darasi, tana zaune bayan labule. Mai Almakashi yakan iso daidai lokacin, ya durƙusa kamar mai ɗaure igiyar takalmi, ya saurari ɗaya zuwa goma, da tafin, da jan hancin. In ta ce sun shirya sai ya miƙe ya wuce.

"Malam," mai guga ya ce masa wata rana, "takalmin nan naka, kullum sai a ƙofata yake kwancewa. Ko in ɗinke maka shi?"

"Tsufa ne, ɗan'uwa. Ni da shi duka."

Shekara biyu ana haka, sai aka kawo sabuwar Manaja, yarinya mai kaifin kai wadda za ta yi sa'ar ƙanwarsa ta ƙarshe. Ta zagaya gidajen da ake tura wa darussan, ta dawo da magana ɗaya. A wuraren da sabis ba shi da ƙarfi, darasin minti goma sha biyu ba ya sauka a waya. Uwa za ta ɗaga waya sama har hannunta ya gaji, ya kai rabi ya tsaya. Dole kowane darasi ya koma minti goma kafin ƙarshen wata.

"Kawu," ta ce, ta juyo masa da fuskar kwamfutarta, "dubi nan. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na darasin nan babu komai a ciki. Takarda ta ce sakan uku, kai ka sa bakwai. Wannan kuma, takwas da biyar, sakan sha biyu! Me ake yi a ciki?"

"Cire takalmi," in ji shi.

Malama ta kwashe da dariya daga bakin ƙofa, sannan ta tuna takalmin wa ake nufi, ta haɗiye dariyar.

"Ban gane ba," in ji Manaja.

"Yatsun hannu goma ne, ranki ya daɗe. Amsar sha uku ce."

Manaja ta yi murmushi, amma ba ta janye ba. "Na ji. To yaron da darasin bai sauka a wayar uwarsa ba fa? Shi ko sakan ɗaya bai samu ba. A mayar da shirun uku, a ɗan rage surutun Malama, shi ke nan mun kai."

"Surutuna? Ke yarinya, da surutun nan aka gina ofishin nan."

"Yi haƙuri, Mama." Sai ta sassauta murya ta dubi Mai Almakashi. "Buɗewar kuwa ban ce a taɓa ta ba. An faɗa mini. Tana nan yadda take."

Ya gode mata. Ya san gaskiya ta faɗa game da wayoyin, kuma ya san alheri ta yi masa. Ya ɗauki darasi na sha huɗu ya yi yadda ta ce. Aikin bai ɗauke shi awa ɗaya ba.

Ranar Asabar da hantsi ya kunna shi a gida don ya ji yadda yake fita a ƙaramar waya. Matarsa tana tsakar gida tana shanya kaya. Ba ta cika sauraron darussan ba, takan sami abin yi a wani wuri in an kunna. Buɗewar ta wuce, ba ta juyo ba. Malama ta tambaya huɗu da uku, ta amsa. Ta tambaya takwas da biyar, ta amsa.

Sai ga matarsa a bakin ƙofa, da jiƙaƙƙiyar riga a hannu tana ɗiga.

"Babanta, wa ya katse ta?"

"Wa?"

"Ai ba ta gama ba. Ko takalmin ba ta cire ba."

Suka dubi juna. Ita ce ta fara kawar da kai, ta koma wajen igiya. Ya daɗe yana jin ta tana matse rigar da ta riga ta matse.

Ranar Litinin ya mayar da shirun yadda yake, ya shiga neman minti biyu a wani wuri. Ya bi numfashin Malama ɗaya ɗaya yana tsincewa. Ya rage gaisuwarta ta farko da sallamarta ta ƙarshe. Inda ta ce madalla sau uku ya bar ɗaya.

"Kai Mai Almakashi, ka aske ni tas!" in ji Malama da ta saurara. "Yanzu yaran nan za su ce Malamarsu ta koma marowaciya."

"Guda ɗayan da na bari ita ce mai daɗin."

"Daɗin baki. Nawa ka samu?"

"Minti ɗaya da sakan sha biyar."

Malama ta iya lissafi, aikinta ne. Ta ɗebe a ranta, ta ga abin da ya rage, ta dubi farkon darasin a fuskar kwamfuta, inda tafi goma suka tsaya a jere kamar haƙoran matsefi.

"A'a," ta ce. "Kada ka soma. Manaja da kanta ta ce a bar maka."

"Ni aka bar wa. Yaran ba su san ko wace ce ba. Suna jira ne ta gama a fara."

"To kai fa?"

"Ina da ita a waya."

Bai gaya mata cewa ta cikin wayarsa ba ɗaya ba ce da ta tagar mai guga. Wadda ke wayarsa shi yake kunna ta, ya san lokacin da za ta fara. Ta taga kuwa ita take tarar da shi a hanya, daga gidan mutane, cikin ƙarar safiya, kamar yarinyar da ke wasa a maƙwabta wadda za a aika a kira in rana ta yi.

Darussa sittin da huɗu ne. Akwai hanyar cirewa a duka lokaci ɗaya, ya san ta sarai, amma bai bi ta ba. Ya buɗe kowanne, ya saurara har ta ce sun shirya, sannan ya yanke. Kwana uku ya yi yana yi. Da ya kai wa Manaja, ta duba tsawon, minti goma cif. Ta kunna na farko, ta ji Malama ta fara kai tsaye.

"An gode, Kawu," kawai ta ce, ta tura su.

Ranar farko ta sabon wata ya tsaya a mararraba yana shawarar bin gajeriyar hanya. Ƙafarsa ta kai shi layin baya. Wayar tana jingine a taga, dutsen guga yana huci, labulen yana nan. Ba tafi, ba ƙirga. Ya durƙusa kan takalminsa duk da haka.

"Takwas da biyar," in ji Malama, "nawa ke nan?"

Shirun ya buɗe. Yatsansa ya fara buga gefen takalmi da kansa. Ɗaya, biyu, uku. Mota ta wuce. Shida, bakwai. Daga bayan labule ya ji ƙarar ɗan silifa ya faɗi a siminti. Tara, goma, sha ɗaya.

"Sha uku!" in ji wata ƙaramar murya.

"Sha uku," in ji Malama. "Madalla."

Mai guga ya leƙo ta taga. "Malam, yau ma ya kwance?"

"Ya kwance," in ji Mai Almakashi. Bai miƙe ba. Ya san akwai sauran tambaya goma sha tara a darasin.