Sawun Ɗanladi a Kan Daɓe

Ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin nan ita ce ranar da na kashe katafila saboda sawun ƙafa guda ɗaya. A ƙarshen shekarun tamanin ne, bayan girbi. Lokacin ina babban direba a sashen ayyuka, kullum daga gidanmu a Kwarbai nake hawa keke zuwa gareji. Aka tura mu wani ƙauye a bayan ganuwar Zariya mu share fili, za a gina ma'ajiyar hatsi.

Ku yaran yanzu ba ku san ƙa'idar da ba. Foman, wato shugaban leburori, shi ke kafa turaku ya ɗaura musu jan ƙyalle. Duk abin da ya faɗo cikin turakun nan, direba ba ya tambaya, turewa yake yi. Ni kuwa an san ni da zafin hannu.

Da muka isa sai na ga filin ba irin wanda na saba ba ne. Ga itatuwan mangwaro a jere, layi miƙaƙƙe, a tsakiyar gonaki. Ga daɓen siminti falle-falle cikin ciyawa, babu bango babu rufi, mata sun shanya barkono a kai, ko'ina ja wur. Foman Audu ya ce sansanin soja ne na zamanin yaƙin Bama, nan ake tara samari a koya musu fareti kafin a zuba su a jirgin ƙasa. Har yanzu manomi kan tono maɓalli ko cokali da fartanya. Na tsaya ina kallo, rana na rawa a kan simintin, wallahi sai na ji kamar in na kasa kunne zan jiyo takun sawu.

Mata suka kwashe shanyarsu, na fara aiki. Na zo daɓe na ƙarshe sai ga wata tsohuwa zaune a kai, da tsintsiya a hannu. Na yi hon, ko gezau. Na sauko a fusace.

"Inna, ki tashi mana! Wannan abin ba ya jin magana."

"Kai dai kana ji, ɗan nan," in ji ta. "Zo ka gani."

Ta share gefen daɓen. Sai ga sawun ƙafar dama, ya nutse cikin siminti, babu ƙaramin yatsa. Ta ce sunanta Dije, sawun kuma na yayanta ne Ɗanladi, wanda fartanya ta cire wa yatsa tun suna yara. Aikin lebura ya shiga lokacin ginin sansanin, ya taka simintin tun yana ɗanye, har aka ci masa mutunci a kai. Daga baya aka sa masa kaki aka tafi da shi. Bai dawo ba, ba a kuma taɓa cewa ga kabarinsa ba.

"Ba mu da hotonsa," ta ce. "Kamanninsa ma sun fara ɓace mini. Wannan kaɗai ya rage. In ka murƙushe shi, shi ke nan ya tafi gaba ɗaya."

Na hau na kashe inji. Foman Audu ya taso yana faɗa: "Malam Sale, so kake Injiniya ya ci mu? Cikin turaku yake fa!" Na ce na gani, amma ba a ce dole a niƙe shi ba, cewa aka yi a kawar. Ya dubi tsohuwar, sannan ya daka wa leburori tsawa su kawo guduma da diga.

Aka shiga sassaƙa gefe-gefe a hankali. Can sai tsaga ta taso, ta nufo sawun. Inna Dije ta dafe ƙirji tana salati. Ikon Allah, tsagar ta tsaya dab da diddige. Muka ɓamɓaro shi, faɗinsa kamar faifai, muka ɗora a bakin katafila. Tsohuwa na gaba tana tafiya, ni ina binta a baya kamar mai ɗauke da ƙwai, har ƙofar gidanta.

Leburori suka ajiye shi a bakin zaure yadda ya zo hannunsu, yatsu na kallon waje. Sai ta ɗaga hannu.

"A'a, ku juya shi. Tun da aka tafi da shi hanyar jirgi yake kallo. Ku juyo da yatsun ciki."

Aka juya. Ta tsuguna ta shafa shi da gefen zanenta, ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

Ni da ake ce wa mai taurin zuciya, sai da na koma bayan katafila na share ido.

Tun daga ranar ban ƙara sauke bakin inji a fili ba sai na zaga shi da ƙafa, na tambayi masu wurin. Turaku iyaka kawai suke nunawa, ba sa faɗin abin da ke ciki. Na bi ta ƙauyen bayan na yi ritaya. Inna Dije ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma sawun yana nan a bakin zaure, yana shiga gida.